Ranar da Na Kira Sunansa

Ni da magana mun gaji da juna. Yanzu ko a wurin suna ko ɗaurin aure aka ce in tashi in yi wa jama'a godiya, sai in ce maƙogwarona ba lafiya, in tura wani. Mutane suna ɗauka girman kai ne ya kama ni tun da na bar aiki. Ban damu in gyara musu zato ba, don gyaran ma wata maganar ce.

Da baki na ci abinci tun ina saurayi. Aikina shi ne in shiga ƙauye, in tara mutane, in shawo kansu su yarda da abin da furoje, wato shirin raya karkara, ya zo da shi. Yau rigakafin yara, gobe haƙa ramuka masu siffar rabin wata a kan fako don ruwan sama ya tsaya, jibi kuma kada a sare itacen da ya tsiro a gona. Wannan furoje ya mutu, wani ya taso da sabuwar mota da sabon suna, ni dai ina nan, don duk wanda ya zo sai ya nemi mai baki. Daga ƙauyukan Alela har na Illela da kwarinmu na Badaguishiri, da wuya a sami inuwar da ban tsaya a cikinta na yi wa jama'a sallama ba.

Da aka ɗauke mu aiki an kai mu Tawa horo. Wanda ya koyar da mu wani tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, siriri, mai yawan tari. Shi ya fara gaya mana cewa mutanen da can na ƙasar Girka sun zauna sun yi wa lallashi karatu kamar yadda ake yi wa lissafi. Ya ce magana tukunya ce a kan duwatsun murhu. Dutse ɗaya mutuncin mai maganar, ɗaya hujjar da ya kawo, ɗaya kuma abin da ya taɓa a zuciyar mai saurare, in ɗaya ya goce miya ta zube. Ya koya mana yadda ake shiga magana da yadda ake fita, da yadda za ka faɗi ƙorafin mutum kafin shi ya faɗa, ka amsa shi, ka bar shi riƙe da baki. Na ji daɗin karatun nan ƙwarai. A lokacin gani nake an ba ni mabuɗin kowane gida.

Sauran kuwa ƙauye ne ya koya mini. Na gane taro ba a wurin taro ake cin sa ba. Tun ana gobe za a yi, sai ka bi gida gida ka yi gaisuwa. Ka nemi mutumin da ka san shi zai tashi ya ɓata maka ruwa, ka zauna a tabarmarsa, ka nemi shawararsa kamar kai ba ka san komai ba, har ya faɗi abin da ka zo da shi da bakinsa. Gobe shi zai kare maka shi, don ya zama nasa. Na gane kuma ba a riƙe maganar ƙarshe. Ka kai ta bakin ƙofa ka tsaya, ka bar dattijon da ya fi kowa shekaru ya rufe. In jama'a suna ta ce maka haka ne, haka ne, kada ka yi murna, sun dai ji ka ne kawai. Ni ƙafa nake kallo. Da na ga mutum ya fara laluben takalminsa da yatsa, na san na rasa shi.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne aikin nan yana raba mutum biyu. Ɗaya yana magana, yana ɗaga murya, yana sauke ta, har idonsa ya kawo ruwa in an zo labarin yaron da ƙyanda ta kashe. Ɗayan yana gefe yana kallon fuskoki, yana cewa wancan ya shigo hannu, saura na bayansa. Da farko sai an tashi taro na biyun yake tafiya. Daga baya ya daina tafiya. Ko ta'aziyya na je yana tare da ni, yana duba ko addu'ata ta shiga mutane.

A duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ban taɓa tsayawa na yi wa magana ido da ido ba, shi ne ɗana na fari. A wajenmu uba yana kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in an yabe shi sai ka kau da kai kamar ba da kai ake ba. Nawa kuma sunan mahaifinmu marigayi aka raɗa masa, abin ya zama kunya biyu. Da aka yaye shi sai yayana ya ɗauke shi, kamar yadda aka saba. Gidan Yaya danga ɗaya ce ta raba shi da nawa, don haka a gabana yaron ya girma, amma a hannun Baffansa. Da shi yake hira, shi yake roƙo, shi yake yi wa gardama. Ni in ina son ya yi wani abu sai in tsaya tsakar gida in ce wa iska, a gaya wa wancan ya duba akuyar nan, alhali yana tsaye a gabana. Shi ma ya ce wa iska to. Haka muka yi ta yi har ya yi gemu. Ina son yaron nan fiye da yadda nake son kowa, kuma ban taɓa ganin abin a matsayin rashi ba, don haka mahaifinmu ya yi da Yaya.

Ya yi karatu har ya kusa gama lise, babbar sakandare, sannan ya bari. Ya sauka Ƙonni yana kabu-kabu, yana ɗaukar mutane da kaya a babur tsakanin gari da bakin iyaka. Yana samun na kansa, har yakan aiko wa uwarsa da atamfa. Shekarar da aka rufe iyaka aikin ya mutu a tsaye. Masu babur suka fi fasinja yawa. Ya dawo gida ya zauna, safe da yamma yana fada wurin shan shayi da tsaransa, waɗanda su ma ba abin da suke jira.

Wata safiya na fito ban ga babur a inda yake jingine shi ba. Uwarsa ce ta gaya mini ya sayar, kuma kuɗin mota ne. Biɗa zai tafi, neman arziki a waje, kamar yadda mazan ƙasar nan suka saba tun kakanni. Amma ba kudu zai yi ba inda ake zuwa a dawo da damina. Arewa zai yi, ta Agadas, ya ƙetare hamada zuwa Libiya. A layinmu akwai gidan da ɗansu ya bi hanyar nan, aka ji muryarsa a waya daga Agadas, daga nan shiru har yau. Ba a yi masa salla ba, ba a kuma raba gadonsa ba. Uwar yaron takan zauna a ƙofar gida da yamma, duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta miƙa wuya.

Matata ita ma ba ta kiran sunan ɗanta, kunyarta ma ta fi tawa. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce mini, "Malam, kai da kaka juya gari guda da baki, naka na gida za shi gagare ka?"

Na ji haushin maganar, don ta san ba zan iya kiransa in zaunar da shi ba. Amma kafin in gama jin haushi, na riga na fara tsara aikin a kaina. Tun da ba zan yi magana ba, sai in sa a yi. Abin da na fi iyawa ke nan.

Na fara da limamin unguwarmu. Na kai masa gaisuwa, muka yi zancen damina da tsadar taki, sannan na tambaye shi, kamar abin ya faɗo mini ne kawai, mene ne hukuncin ɗan da zai yi tafiya mai hatsari iyayensa ba su so. Ya gyara zama ya ba ni amsa mai tsawo. Na ce ai da matasa suna jin irin wannan daga bakinsa da an huta. Ya ce a kira shi ko yaushe. Shi ne dutsen mutunci.

Daga nan na je wurin ƙanin matata, kawun yaron, wanda ya yi shekaru a Libiya yana aikin gini kafin ya dawo. Shi na ba wa aikin tsoratarwa. Na ce ya faɗi ƙishirwa, ya faɗi motar da ke lalacewa a tsakiyar rairayi, ya faɗi masu tsare mutum su kira gidansu a waya yana kuka. Ya ce in bar masa, ai abin da ya gani da idonsa ko rabinsa ya faɗa yaron ba zai ƙara kallon arewa ba. Na so in ja masa kunne kada ya wuce nan, sai na ga ya riga ya hau, na ƙyale shi.

Yaya na bari a ƙarshe, don shi zai rufe. Na same shi yana gyaran igiyar rijiya. A wurinsa na zuba hujja: ga lambun albasarmu a kwari ba mai kula, ga shi Yaya ƙarfinsa ya fara ja baya, ga ni ban iya riƙe fartanya ba, in yaron ya tsaya ya kama lambun zai ci ya ba wani. Yaya ya saurare ni har na gama. Ya ce shi ma ba ya son tafiyar, amma yaron ba ƙaramin yaro ba ne, kuma zaman banza yana cin namiji. Na amsa masa wannan tun kafin ya rufe baki, don na san zai faɗa. Ya dube ni wani iri, ya ce to, ranar Juma'a bayan an sauko.

Ranar Juma'a muka taru a zauren Yaya. Ni na shimfiɗa tabarmi da kaina. Na sa liman a tsakiya, Yaya a damansa, kawu kusa da ƙofa inda haske zai faɗa a fuskarsa. Akwai wasu dattawan dangi da suka shigo don a cika wuri. Ni na koma lungu na zauna kamar baƙo. Matan gida suna bayan danga, ba a ganinsu, amma na san ba wadda ta tafi ko'ina. Aka kira yaron. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida kowa, ya zauna a ƙasa kansa a sunkuye.

Liman ya yi nasa yadda ya kamata. Ya yi maganar haƙƙin iyaye, ya yi maganar cewa arziki yana iske mutum a inda yake, bai tsawaita ba. Na ji daɗi. Yaron ya ce haka ne.

Sai kawu ya karɓa. Farkon ya yi kyau ƙwarai. Ya faɗi yadda harshe ke kumbura a baki, ya faɗi wani ɗan ƙasarsu da suka binne da hannu a gefen hanya. Zauren ya yi tsit, har na ji wata a bayan danga ta ja numfashi. Da ya tsaya nan da an gama. Amma mutum ba ya ba da labarin ƙuruciyarsa ya tsaya a wurin wahala. Ya ƙetare hamada ya shiga gari. Ya fara faɗin ranar da aka fara biyansa, da yadda ya aiko aka rufa wa uwarsa ɗaki da kwano, da agogon da ya sayo. Muryarsa ta canza, fuskarsa ta washe. Wani dattijo da ya yi Abijan a zamaninsa ya ce ai su ma can haka ne, wani ya ce shi da kuɗin Kamaru ya yi aure. Kafin in ankara zauren ya koma hirar 'yan biɗa, tsofaffi suna dariya suna katse juna. A nan na duba na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Duk namijin da ke zaune a wurin, har liman, ya taɓa tafiya, kuma rufin da muke zaune a ƙarƙashinsa Yaya da kuɗin Legas ya yi shi. Ni kaɗai ne ban taɓa zuwa ko'ina ba. Na tara shaidu, kowannensu hujja ce a kaina.

Na yi gyaran murya, Yaya ya gane, ya tsawatar aka yi shiru. Ya kawo maganar lambu kamar yadda muka yi, amma a sanyaye, kamar mai karanta saƙon wani. Har da wata jimla tawa ya ɗauko sukutum, wadda na sha faɗa a ƙauyuka, cewa ƙasar da ta ciyar da kakanka ba za ta ƙi ka ba in ka duƙa mata. Da na ji ta a bakinsa sai na ji kunya, don na san da ita na sa mutane suka haƙa rami a fako rana tsaka.

Yaron ya bari Baffansa ya gama. Sannan ya ɗago, ba ni ya kalla ba, Yaya ya kalla.

"Baffa, na ji abin da kowa yac ce, na gode. Amma magana wagga duk ta mutum guda ta. Tun ina ƙarami nika jin ta ta bayan danga, da sahe, kahin mota ta zo ɗaukar su. In su Baba ka son in zamna, su hwaɗa min da bakinsu."

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, muryarsa ƙasa ƙasa. Gaskiya ne kuma, na saba gwada jawabina a tsakar gida da safe ina jiran motar aiki, ban taɓa tunanin akwai mai saurare ba. Zauren ya mutu. Wannan ba abin da ake nema a wurin uba ba ne a gaban mutane, kowa ya sani, shi ma ya sani. Ina jin ya faɗa ne don ya tabbata ba zan iya ba, a tashi taro, ya tafi ba tare da ya saɓa wa kowa ba. Na ga liman ya fara laluben takalminsa.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ga matar nan ta ƙofar gida tana miƙa wuya, na ga matata zaune kusa da ita. A daidai lokacin kuma wancan na biyun, mai kallon fuskoki, ya matso ya ce mini hujja ta ƙare, mutunci ya ƙare, dutse ɗaya ya rage, kuma ka san abin da zai karya shi.

Na kira sunansa. Sunan yanka, na mahaifinmu, wanda ba a taɓa ji a bakina ba tun ranar da aka raɗa shi. Yaya ya zabura kamar an taɓa shi da wuta. Yaron ya juyo, muka haɗa ido, ina jin wannan ne karo na farko tun yana goye.

Na ce, "Kak ka tahi. In ka tahi ban san yadda za ni yi ba."

Muryata ta karye a tsakiya, hawaye suka zubo mini a gaban ƙanin matata da limamin unguwa. Ban ƙirƙire su ba, Allah ya sani. Dattawa duk suka sunkuyar da kai don kada su ga abin kunya. A bayan danga wata ta fashe da kuka, na san ko wace ce. Yaron ya daɗe yana kallona, sannan ya mai da kai ƙasa ya ce to. Ba irin to ɗin da yake ce wa iska ba. Ina cikin share fuska da hannun riga na ji na biyun ya ce mini ya shigo hannu. Liman ya yi addu'a aka tashi, kowa yana sauri kamar an kama shi da laifi.

Bai tafi ba. Abokan da za su yi tafiyar tare suka hau mota ranar kasuwa, shi ya raka su bakin titi ya dawo. Kuɗin babur ya sa a lambu, ya sayi ɗan injin ban ruwa da iri. Matata ta yi mini godiya, ta yanka mini zakara. Labari ya bazu a gari, ba a faɗin abin da na yi dalla dalla saboda kunya, ana dai cewa malam ya yi magana ɗaya yaro ya fasa. Har wani maƙwabci ya zo ya roƙe ni in je in yi wa nasa ɗan irin ta. Na ce masa ba ni da lafiya.

Damina ta zo ta wuce, rani ya zo, wani ya biyo. Albasa takan yi kyau shekarar da kowa ya samu, sai farashi ya faɗi a zubar da ita a bakin hanya tana ruɓa. Shekarar da take tsada kuma ruwan rijiya ya ja baya ko tsutsa ta shiga. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Da asuba yana kwari, da azahar ya dawo, da yamma ya koma. A cikin waɗanda suka tafi, ɗaya ya aiko an fara masa gini da bulo, ɗaya ya dawo da ciwon ƙirji ba ko sisi, ɗaya kuma an daina jin labarinsa. In na tuna na ƙarshen sai in ce na yi daidai. In na wuce ta gaban ginin bulo sai in sauya hanya. Na iya kare kowane ɓangare, kuma na sha yi, ni kaɗai, ina tafe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya koma. Da can ta bayan danga nakan ji dariyarsa da Baffansa, yana gardama a kan ƙwallo ko siyasa. Yanzu shiru. Ya daina zuwa fada, don tsaransa sun watse, waɗanda suka rage ƙannensa ne. An yi masa zancen aure ya ce a bari tukuna. Kowace safiya yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, in amsa, ya tashi. Na ɗauka tun da na fasa kunyar sau ɗaya za mu riƙa magana, amma sai muka koma wa iska, kuma yanzu iskar ta fi da nauyi. Duk tsawon aikina, da na shawo kan mutane sai in shiga mota kafin la'asar. Ban taɓa kwana a garin da na lallasa ba, balle in wayi gari in ga fuskar wanda ya yarda.

Rannan da hantsi na kasa zama, na ɗauki sanda na gangara kwari. Na same shi shi kaɗai, wando a naɗe, ƙafa cikin laka, yana bin ruwa fangali fangali. Daga lambun ana hango titin Tawa. Wata babbar mota ta wuce cike da samari a kan kaya, fuskokinsu a naɗe da rawani, jarkoki na lilo a gefe. Bai san na iso ba. Ya miƙe tsaye da fartanya a hannu, ya bi motar da kallo har ta ɓace, ruwa ya cika fangalin ya fara malala bai lura ba. Da ya juyo ya gan ni sai ya yi sauri ya durƙusa a cikin lakar.

Ban shirya komai ba, ko kuwa haka nake gaya wa kaina. Na tsaya a kan kunyar fangali na ce masa, kai tsaye, ba ta iska ba, "In har yanzu ranka na ga tahiyar nan, ka tahi. Na yarda."

Ya dubi ruwa. Sannan ya ɗago, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai irin tawa.

"Baba, wacce za ni ɗauka, ta rannan ko ta yau? Duk biyun kun hwaɗe su da kyau."

Amsa ta zo mini nan take, cikakkiya, da mashiga da mafita, irin wadda ke sa mutum ya gyaɗa kai. Na san in na faɗe ta zai ce to. Na haɗiye ta. Ya jira ni kaɗan, da ya ga ba abin da zai fito sai ya sunkuya ya toshe inda ruwa ya ɓalle, ya buɗe wa fangali na gaba.